Kyamarar da ke ƙirga masu takunkumi a tashar jirgi: yadda take aiki da inda take tuntuɓe

Wani ɗalibi da ke shekarar ƙarshe a fannin kimiyyar kwamfuta ya rubuto yana cewa: "Malam, na karanta cewa a lokacin korona an kafa kyamarori a tashoshin jirgin ƙasa na Faransa masu gane wanda ya sa takunkumi da wanda bai sa ba. Ina son in yi aikin kammala karatuna a kan haka. Yaya abin yake aiki? Ya yi amfani kuwa? Zai yiwu a yi irinsa a tashoshinmu?"

Ƙanena, abin da ka karanta gaskiya ne, sai dai akwai gyara guda a yadda ka faɗe shi. Na'urar da aka kafa a Paris ba ta gane wane ne bai sa takunkumi ba. Ƙirgawa kawai take yi, ta ce daga ƙarfe kaza zuwa kaza mutum kaza sun wuce, kaso kaza cikinsu sun rufe baki da hanci. Ka riƙe wannan bambancin da kyau, don duk abin da zan faɗa maka a kansa yake tsaye.

Ranar 11 ga Mayu 2020 Faransa ta fara sassauta dokar kulle, daga ranar kuma ya zama dole ga mai shiga jirgi ko bas ya sa takunkumi, wanda ya ƙi a ci shi tarar Yuro 135. Ana saura 'yan kwanaki, RATP, hukumar da ke tafiyar da jiragen ƙarƙashin ƙasa da bas-bas na Paris, ta fara gwaji a tashar Châtelet-Les Halles, mahaɗar da ke tsakiyar birnin, wadda a ranakun lafiya mutum wajen 750,000 ke bi ta cikinta kullum. An haɗa kyamarori shida da manhajar wani ƙaramin kamfani mai suna Datakalab, aka ce za a yi wata uku ana gwadawa. Garin Cannes da ke kudancin ƙasar ya riga Paris, don tun a watan Afrilu ya sa manhajar a kasuwanninsa. Kamfanin ya ce ba ya ajiye hoto, ba ya tura shi ko'ina. Wata ƙaramar kwamfuta da ke wurin ce ke duba hoton ta watsar, abin da ke fita sai alƙaluma na kowane minti 15.

Yanzu mu shiga cikin na'urar. A wajen kwamfuta hoto tarin lambobi ne. Hoton kyamarar tsaro mai faɗin ɗigo 1,920 da tsayin 1,080 yana da ɗigo sama da miliyan biyu, kowane ɗigo da lambobi uku, na ja da kore da shuɗi, daga 0 zuwa 255. Aikin farko shi ne a nemo inda fuskoki suke a cikin wannan tari, a zana wa kowace akwati. Na biyu a yanko abin da ke cikin akwatin a miƙa wa wata manhaja ta yanke hukunci. Masu irin aikin da kake son yi sukan ɗauki manhajar RetinaFace ko SSD don nemo fuska, su ɗauki MobileNetV2, wadda Google ta fitar a 2018, don yanke hukuncin, saboda ba ta da nauyi, tana iya gudu a kan ƙananan kwamfutoci irin Raspberry Pi ko Jetson Nano. Wasu kuma su yi amfani da YOLO, wadda ke haɗa ayyukan biyu a tashi ɗaya.

Manhajar ba ta cewa "ya sa" ko "bai sa ba". Lamba take bayarwa tsakanin 0 da 1, misali 0.83. Mutum ne ke zama ya ce daga 0.5 zuwa sama a ƙirga a matsayin ya sa, ko daga 0.7. Ka ɗaga wannan iyakar, masu takunkumi da yawa su koma cikin marasa shi. Ka sauke ta, marasa shi su sulale. Ɗalibai sukan bar ta a 0.5 don haka suka tarar da ita, alhali nan ne wurin da ya fi buƙatar tunani.

Sai wani abu da ba a cika faɗa ba. Kyamara na ɗaukar hoto 25 ko 30 a daƙiƙa ɗaya. Fasinjan da ya yi daƙiƙa huɗu a gabanta ya fito a hoto ɗari ko fiye. In ba ka haɗa wata manhajar da ke bin sawun kowane akwati daga hoto zuwa hoto ba, za ka ƙirga shi sau ɗari, kuma mai tsayawa yana latsa waya zai rinjayi mutum ashirin da suka wuce da sauri. Bin sawun kuwa a cikin cunkoso wahala gare shi: mutum biyu su gitta juna, manhajar ta musanya su, ko ta mai da ɗaya mutum biyu.

To ta yaya ta san takunkumi? Babu wanda ya rubuta mata cewa takunkumi ƙyalle ne mai igiya biyu. Dubban hotuna ake nuna mata, kowane da alamar da mutum ya sa masa. Ta yi hasashe, a gaya mata ta yi kuskure, ta ɗan gyara lambobin da ke cikinta, su sama da miliyan uku a MobileNetV2, a sake, a sake, har kuskuren ya ragu. Abin da ta koya a ƙarshe ya dogara kacokan da hotunan da ta gani. A nan ne gizo ke saƙar.

A farkon 2020 ba a da isassun hotunan masu takunkumi. Akwai tarin da ake kira MAFA, na 2017, mai hoto wajen 30,000 da aka tattaro daga intanet, amma shi duk abin da ya rufe fuska ya shiga, ko hannu ne ko gyale. Jami'ar Wuhan ta fitar da nata tarin, galibinsa fuskokin mutanen Sin. Wasu masu bincike a Faransa suka haɗa MaskedFace-Net, hoto sama da 130,000, ta hanyar liƙa hoton takunkumin asibiti mai launin shuɗi a kan fuskokin da dama can ba su sa komai ba. Wato zanen kwamfuta ne, ba wanda ya sa shi da gaske. Manhajar da ta tashi a kan irin waɗannan hotuna ta saba da fuskar da ke kallon kyamara kai tsaye, cikin haske mai kyau, da takunkumi iri ɗaya. Kyamarar tasha kuwa a rufi take, abin da ta fi gani shi ne tsakar kai da hula da ƙeya.

Ni ma na gwada a lokacin kulle, da zama ya ishe ni. Na sauko da wata manhaja ta kyauta da masu ita suka ce kuskurenta kaɗan ne ƙwarai, na haɗa da kyamara a ƙofar wurin aikinmu. Da safe abin gwanin sha'awa, akwati kore ga mai takunkumi, ja ga marar shi. Sai na ɗaga kofin shayi zuwa bakina, akwatina ya koma kore. Na rufe baki da tafin hannu kamar mai hamma, kore. Wani abokin aikina mai cikar gemu da saje ya tsaya, akwatinsa ya riƙa tsalle tsakanin ja da kore kamar fitilar kan titi ta lalace. Mai gadinmu, Buzu ne, ya zo da rawaninsa ya ja amawali har kan karan hanci, manhajar ta ba shi makin da ya fi na mai takunkumin asibiti. Nan na gane abin da ta koya: ba takunkumi take nema ba, rashin ganin baki da hanci take nema.

Amma kuskuren da ya fi tayar mini da hankali bai zo ba sai bayan la'asar, da hasken barandar ya ragu. Mutum baƙi ya sa baƙin takunkumi, ya wuce, babu akwati ko ɗaya, ba kore ba ja. Manhajar ba ta ga fuska ba sam. Ka lura da illar wannan. Wanda aka yi wa hukuncin kuskure aƙalla yana cikin lissafi, kana iya komawa ka gano. Wanda ba a gani ba kuwa ya fita daga lissafin gaba ɗaya, kuma ba ya fitowa a cikin kason "daidai" da masu sayar da manhaja ke tallatawa. Tunda fuskar da aka rufe ta fi wuyar samu a kan buɗaɗɗiya, waɗanda ke ɓacewa galibi masu bin doka ne, sai alƙaluman su nuna jama'a sun fi taurin kai fiye da yadda suke.

Batun launin fata ba zato na ba ne. A 2018 Joy Buolamwini da Timnit Gebru sun gwada manhajojin manyan kamfanoni uku da ke tantance namiji ne ko mace daga hoton fuska. Kuskuren bai wuce kashi 0.8 cikin ɗari ba a kan maza farar fata, amma ya kai kashi 34.7 a kan mata baƙar fata. Aikin da suka gwada daban ne da naka, sai dai tushen cutar ɗaya ne: wanda ba shi da yawa a hotunan horarwa shi ke shan kuskure.

Maganar amawali ta kawo tambayar da injiniya ba zai iya amsawa shi kaɗai ba. Mai niƙabi ta sa takunkumi ko ba ta sa ba? Mai acaɓar da ya naɗe fuska da ƙyalle saboda ƙurar hunturu fa? Wanda ya sa takunkumin amma ya sauke shi ƙasan hanci, ko ya rataye shi a haɓa, wane rukuni za a sa shi? Wannan hukuncin jami'an lafiya ne, sai sun yanke kafin ka fara sa wa hotuna alama. Abin ban dariya ma, ita Faransar da ta tilasta rufe fuska a jirgi a 2020, ita ce ta yi dokar 2010 da ta haramta rufe fuska a bainar jama'a, dokar da kowa ya san masu niƙabi ta fi shafa, kuma ba a soke ta ba a lokacin annobar.

Yanzu bari mu yi ɗan lissafi, don shi zai nuna maka dalilin da ya sa na matsa a kan bambancin ƙirgawa da kamawa. Alƙaluman misali ne na ƙirƙira don bayani. A ce fasinja 10,000 sun wuce, 9,500 sun sa takunkumi, 500 ba su sa ba. A ce manhajarka tana yin daidai sau 95 cikin 100 a kowane ɓangare, wanda a cikin tasha ba ƙaramin ƙoƙari ba ne. Cikin 500 ɗin za ta kama 475. Cikin 9,500 masu bin doka kuma za ta yi wa kashi biyar ƙage, wato 475. Ka ga ƙararrawa ta kaɗa sau 950, rabi a kan mutanen da ba su yi laifin komai ba. In da tara ake yankewa da wannan, ko ƙofa ce ke rufewa a gaban mutum, da an yi ta rigima daga safe har dare. Kuma duk yadda jama'a suka ƙara bin doka, haka kason ƙagen ke ƙaruwa.

Ƙirgawar ma ba ta tsira ba, don na'urar za ta ce mutum 950 ne ba su sa ba, kusan ninkin gaskiya. Sai dai nan akwai magani. In ka san yawan kuskurenta a kowane ɓangare, kana iya warware lissafin ka koma kusa da 500. Ko ba ka warware ba, matuƙar kyamara ɗaya ce a wuri ɗaya da haske iri ɗaya, hawa da saukar alƙaluman na da ma'ana: in jiya 950 ne yau 1,400, lallai wani abu ya canza. Mutumin da aka ci tararsa bisa kuskure kuwa babu lissafin da zai mayar masa da kuɗinsa da mutuncinsa.

Akwai inda duba mutum ɗaya-ɗaya ya yi aiki, kuma yana da kyau ka ga dalili. Daga 18 ga Mayu 2020 Uber, mai motocin haya da ake kira ta waya, ta tilasta wa direbobinta a ƙasashe da dama su ɗauki hoton kansu da takunkumi kafin su fara aiki. Fuska ɗaya ce, kusa da waya, tana kallon kyamara, mai ita yana son a gane shi, in an ƙi hoton ya sake ɗauka. Duk matsalolin tasha babu su. Amma hoton na tabbatar da daƙiƙa guda ne tak, direba na iya cirewa da zarar ya tayar da mota.

Kada kuma ka haɗa wannan da gane mutum ta bayan takunkumi, wato a ce wannan wane ne. Shi wani aiki ne dabam, ya fi wuya, ya fi haɗari. A watan Yulin 2020 NIST, hukumar ma'aunai da fasaha ta Amurka, ta gwada manhajoji 89 na gane fuska da aka ƙera kafin annobar, ta samu ko mafi kyawunsu kuskurensu na kaiwa tsakanin kashi 5 zuwa 50 cikin ɗari in an rufe fuska. Kamfanoni sun gyara daga baya, suka koma dogaro da idanu da gira.

Mu koma Paris. Gwajin wata ukun bai kai ƙarshe ba, a watan Yuni aka dakatar. Ba kuskuren manhaja ya kashe shi ba, doka ce. CNIL, hukumar kare bayanan jama'a ta Faransa, ta ce ko da ba a ajiye hoto ba, ɗaukar fuskar mutum a sarrafa ta, ko na ƙiftawar ido ne, sarrafa bayanansa ne, kuma dokar Turai ta ba shi damar ya ce bai yarda ba. Mafitar da aka kawo ita ce wanda bai yarda ba ya girgiza wa kyamara kai. Ka yi tunanin mai sauri zuwa aiki, da jaka a hannu, yana neman kyamara a rufi don ya girgiza mata kai, kuma sai an sarrafa hotonsa kafin a san ya girgiza. CNIL ta ce wannan ba mafita ba ce. Sai a ranar 10 ga Maris 2021 gwamnati ta fitar da doka ta musamman da ta ba hukumomin sufuri izini na shekara ɗaya, da sharaɗin ba ajiye hoto, ba gane mutum, ba hukunta kowa da sakamakon. Alƙaluma ne kawai don a san inda za a ƙara faɗakarwa. Ranar 16 ga Mayu 2022 aka ɗage tilasta takunkumi a sufurin Faransa baki ɗaya.

Takunkumi ya tafi, amma dabarar ba ta tafi ba. Faransa ta yi doka a watan Mayun 2023 da ta halatta gwajin kyamarori masu nazarin taron jama'a saboda wasannin Olamfik na 2024. A Landan hukumar sufuri ta TfL ta yi gwaji a tashar Willesden Green daga Oktoban 2022 zuwa Satumban 2023, manhajar na neman masu tsallake ƙofa ba tikiti da waɗanda suka faɗi da masu riƙe makami, ta kaɗa ƙararrawa sama da sau 44,000. Cikin kurakuranta har da ɗaukar yaran da ke bin iyayensu ta ƙofa a matsayin masu ƙin biyan kuɗi. Shi ya sa ban ga laifin CNIL ba, ko da yake injiniyoyi da yawa sun ji haushinta. Kwamfutar da ka liƙa wa kyamara yau don ƙirga takunkumi, gobe sauya mata manhaja aikin minti kaɗan ne, fasinja kuma ba shi da hanyar sanin an sauya.

Ka tambaya ko ya yi amfani. A ganina ya nuna ana iya ƙirgawa ba tare da ajiye hoton kowa ba, wannan ci gaba ne na gaske. Amma adadi ba ya ɗaura wa kowa takunkumi. Amfaninsa yana wurin abin da aka yi da shi: a turo ma'aikata a sa'ar da aka ga sakaci, a raba takunkumi kyauta, a ƙara sanarwa. In babu mai karanta alƙaluman ya motsa, asarar kuɗi ce. Ga kuma abin da masu sayar da na'ura ba sa so a faɗa: mutum ɗaya da biro da takarda, ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙirga fasinja 400 ba tare da zaɓe ba, zai ba ka kason da kuskurensa bai cika wuce maki biyar sama ko ƙasa ba. Ya san niƙabi, ya san gemu, ba ya ruɗewa da kofin shayi. Na'ura ta fi shi ne kawai a inda ake son ƙirgawa dare da rana a wurare masu yawa.

Game da tashoshinmu, doka kam an yi. A Janairun 2021 Shugaba Buhari ya sa hannu a ƙa'idojin da suka tilasta takunkumi a wuraren taruwa da motocin haya, da hukuncin tara ko ɗaurin da zai iya kai wata shida. Amma ka tsaya a tashar mota ka duba: fili ne buɗe, ba ƙofa ɗaya da kowa ke bi, rana na dukan kyamara ta gaba da safe ta baya da yamma, ƙura na rufe gilashinta, wuta ba tabbas, masu talla da 'yan kamasho na kai da komo gaban ta sau ɗari a yini. Adaidaita sahu kuwa ba a maganarta. Inda abin zai iya zama shi ne wurin da ke da rufi da ƙofar shiga guda, kamar tashar jirgin ƙasa ta Rigasa a Kaduna ko ta Idu a Abuja, ko filin jirgin sama. Ni da zan ba ka shawara ma, da na ce ka karkata aikin zuwa inda buƙatar ke nan har yau: ƙofar ɗakin masu tarin fuka a asibiti, ɗakin tiyata, masana'antar da ke da ƙura, ko ka mayar da dabarar kan hular kwano. Kuma ka karanta dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 kafin ka ɗora kyamara a kan kowa.

In ka tsaya a kan takunkumin, to kada ka yi abin da ɗalibai suka saba, a sauko da hotuna daga intanet, a horar, a rubuta "kashi 99" a babi na huɗu. Wannan kason ƙarya ce mai ladabi, don hotunan gwajin da na horarwar daga tukunya ɗaya suka fito. Ka tara naka hotunan, na abokan karatunka da suka amince a rubuce, maza da mata, da masu hijabi da niƙabi da rawani da gemu, da safe da rana da magariba, kyamara a sama yadda za ta kasance a tasha. Ka raba su gida huɗu: ya sa daidai, ya sa ba daidai ba, bai sa ba, ya rufe da wani abu dabam. Hotunan gwaji ka ɗauko su daga wani wuri da wata rana da wasu mutane da manhajar ba ta taɓa gani ba. Sannan ka zauna da bidiyon ka ƙirga da idonka mutum nawa suka wuce, ka kwatanta da akwatunan da ta zana, ka rubuta adadin waɗanda ba ta gani ba a shafinsa na musamman, tare da sa'ar da suka wuce da launin takunkumin da suka sa.